Daminar da Na Hana Ummi Nuna Aikinta

Duk lokacin da aka taru a gidan nan, suna ne ko salla, aka zo kan maganar aikin Ummi, sai ɗayanku ya ce, “Ai Baba ne ya tsaya mata.” Ni kuma sai in gyara zaman hulata in yi shiru, domin yabo ba ya ɗaci, kuma kunnen tsoho yakan zaɓi abin da zai ji. To, yau alƙalami ne a hannuna, babu mai kallon fuskata, gara in faɗa muku yadda aka yi. Gaskiya ne ni na sayar da raguna na sa mata sola a kan rufin ɗakin uwarku don kada kwamfutarta ta riƙa mutuwa. Wannan kun sani, domin ban taɓa barin kowa ya manta ba. Abin da ba ku sani ba shi ne saura ƙiris in kashe aikin nan da hannuna, kuma rabinsa ma na kashe shi.

Sai kun tuna irin malamin da nake kafin ku gane. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, daga Dutsi zuwa Mai'adua, na ƙare a hedimasta nan cikin Daura. Duk inda na je, doka ɗaya nake tafe da ita kamar butar alwala: aiki a jota ake yinsa, a soke, a goge, a sake, sa'an nan a kwafe shi tsaf a littafin da malami zai gani. Jota asirin mutum ce, kamar ƙuryar ɗakinsa. Ɗalibin da ya kawo mini aiki da shafe-shafe, ko amsarsa daidai ce, sai ya koma ya sake. Na yarda da wannan doka yadda na yarda gabas tana gabas. Da ita na rene ku duka. Har yau, in ji matarsa, yayanku Sani in zai turo mini saƙo a waya sai ya fara rubuta shi a takarda.

Ummi kuwa, saboda jikokin da za su karanta wannan, ita ce Hauwa'u, 'yata ta huɗu. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa bakina bai saba da kiransa ba. Ta fi ku duka ɗaukar dokata. Littattafanta na firamare suna nan cikin akwatina, ko ɗigon tawada babu. Tana shekara ta uku a jami'a tana karatun kwamfuta, hutunsu ya faɗo daidai da saukar damina, ta dawo gida da labari. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, uwarku tana tsinkar zogale.

“Baba, an ɗauke ni aikin wata uku.”

“A wace ma'aikata?”

“Ba ma'aikata ba ce. Jama'a ce.”

“Jama'a ai ni ma ina cikinta, ban kuwa ji an ɗauki kowa ba.”

Sai da ta yi mini bayani sau biyu. Akwai wata manhajar zane da ake sa wa kwamfuta, kyauta ce, babu wanda ya mallake ta. Mutane ne warwatse a duniya suke gina ta, kowa in ya taso daga aikinsa na ci da kai sai ya zo ya ɗora nasa tubalin, kamar aikin gayya, sai dai babu fura, babu makaɗi. Duk rubutun umarnin da ke tafiyar da ita a buɗe yake, wanda ya ga dama ya karanta, ya kawo gyara. Kowace shekara, lokacin da makarantun can suke dogon hutu, sukan zaɓi ɗalibai, a ba kowanne aiki ɗaya, da jagora ɗaya, da ɗan alawus. Su lokacin zafinsu ne, mu kuwa lokacin ne kwaɗi suke buɗe makarantarsu. In wa'adin ya kai rabi, jagora zai ce ɗalibi ya wuce ko a sallame shi, wanda aka sallama kuma shi ke nan. Jagoran da aka ba Ummi wani mutum ne a wata ƙasa mai sanyi, da rana likitan haƙori ne, in ya tashi ya koma rubutun manhaja.

“Mai cire haƙori ne zai koya miki zane?” in ji uwarku. “Allah Ya sa ya bar miki naki.”

Tun daga ranar sunansa a gidan nan Dakta.

Aikin da ta nema kuwa daga cikin danginmu ta ɗauko shi. Kun san dagi, zanen nan da layi yake nannaɗe kansa, ya hau ta nan, ya sunkuya ta can. A manhajar, mai son yin irinsa sai ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya yana datse layi da hannu. Ummi ta ce za ta ƙara mata wani abu da zai riƙa yin wannan da kansa: kai dai ka ja layinka, shi ya san inda za a hau da inda za a sunkuya. Rabin farko ke nan. Rabi na biyu, wanda shi ne ya fi kwanta mata a rai, za ta bi gidajen da yayana, Baba Ilu magini, ya yi wa ado a garin nan, ta kwashe zanensa ta zuba a manhajar, yadda duk wanda ya buɗe ta, ko ina yake, zai same su a jere. Yaya Ilu bai taɓa zama a aji ba, amma abin da hannunsa ya rubuta a bangon Daura ya fi wanda nawa ya rubuta a allo, kuma nasa ba a goge shi in an tashi. Haka nake zato a lokacin.

A ƙarshen makon farko ta tura musu ɗan abin da ta yi. Washegari da hantsi na same ta gaban kwamfuta ta yi tagumi. Na sa tabarau na leƙa. Ga layukan umarnin da ta rubuta, ga kuma maganganun mutane a ƙarƙashinsu, wasu wuraren an shafa musu ja. Dakta ya yi nasa, wasu mutum biyu da ban san daga inda suka faɗo ba sun yi nasu. Ɗaya daga cikinsu ko gaisuwa bai yi ba, cewa kawai ya yi, “Me ya sa kika yi haka?”

“Waɗannan su wane ne?”

“'Yan jama'ar ne, Baba. Kowa yana iya dubawa.”

“Har wanda ba malaminki ba?”

“Har kai ma in kana so.”

“Kuma yaushe za a goge?”

“Ba a gogewa.”

Na ƙirga gyara goma sha ɗaya. Ni da na tsufa da jan biro a aljihun gaba, ban san yana da zafi ba sai ranar da na gan shi a kan aikin 'yata, kuma a bainar jama'a. Raina ya ɓaci, na nemi mai laifi, na same ta kusa.

“Laifinki ne,” na ce. “Jotarki kika kai musu. Daga yau babu abin da zai fita daga gidan nan sai an gama shi tsaf. Ki bari sai ya kammala ki ajiye musu, mu ga inda za su sa jan.”

“Baba, Dakta ya ce a riƙa turowa kullum, ko da bai yi aiki ba.”

“Dakta haƙori ya sani. Makaranta ni na san ta.”

Ta rufe kwamfutar, ta bi umarnina. Ba zan ce tsorona kaɗai ba ne. Ita ma kunyar ta cije ta, tana neman inda za ta ɓuya, ni kuma na buɗe mata ƙofa na tsaya gadi.

Mako biyar aka yi a haka. Kowace Juma'a ɗalibai sukan rubuta rahoton inda suka kwana, kowa ya karanta. Sauran ɗaliban suna zayyano abin da ya karye musu da abin da ya gagare su, har wani ya rubuta cewa bai gane komai ba a makon nan, abin da na ɗauka rashin tarbiyya ne. Na Ummi ni nake tsara mata shi, da irin Turancin da na saba aika wa ofishin ilimi, wanda yakan cika shafi bai ce komai ba. Aiki yana tafiya yadda ya kamata, ana sa ran sakamako mai kyau. A mako na uku ta maƙale. Wajen gano inda layi ya gicciya layi ne. In layi biyu ne suka haɗu, lafiya lau. In uku suka haɗu wuri ɗaya, ko wani ya goga jikin wani bai tsallake ba, sai lissafin ya rikice, dagin ya fito kamar taliyar da aka kifar. Takan zauna tun bayan karin kumallo har la'asar tana rubutu a jotar da na sayo mata da kaina, ta gwada a kwamfuta, ta soke. Gero ya kai gwiwa a gona, ya kai ƙugu, ita tana nan wuri ɗaya. Ni kuma in na wuce na ga shafukan sun cika da soke-soke, sai in ji daɗi, in ce ga aiki yana nuna a inda ya kamata ya nuna.

Wata Talata da safe saƙon Dakta ya iso. Ta fito da kwamfutar tsakar gida ta karanta mana, tana juya wa uwarku da Hausa. Ya ce mako biyar bai ga layi ko ɗaya ba. Bai ce ba ta aiki ba, amma ba zai iya shaidar abin da bai gani ba. Saura kwana tara a kai rabin wa'adi, in babu abin da zai duba, dole ya ce ba ta wuce ba. Ta turo masa yadda yake, ko a karye ne.

“Barazana ce,” na ce. “Haka masu duba makarantu suke yi. Kwana tara ai ya isa mutum ya gama ya kwafe.”

“Ba zai isa ba, Baba. Mako uku nake wuri ɗaya.”

Uwarku ta ajiye tiren da ke hannunta.

“Malam, ni ban yi boko ba. Amma na san in tuwo ya yi gudaji ba murfi ake sa masa ba, wadda ta iya ake kira tun yana kan wuta.”

“Wannan ba tuwo ba ne.”

“To, ko mene ne, dubi wuyan yarinyar nan. Ta rame kamar mai jinya, kai kuma kana nan kana gadin jota.”

Na ɗauki laimata na fita. Wurin Yaya Ilu na nufa, ba don neman shawara ba, neman shaida na tafi. A lissafina, mai sana'ar hannu ya fi kowa sanin darajar rufin asiri, in ya goya mini baya kuwa uwarku ba ta da ta cewa. Na same shi a wani sabon zaure a kan hanyar Kusugu, yana tsaye bisa benci, laka har gwiwar hannu, yana fitar da dagi a saman ƙofar ciki da yatsu da gindin cokali. Ban gama gaishe shi ba hadari ya sako. Kafin ka ce kwabo zauren ya cika da masu fakewa: ɗan acaɓa, wasu dattawa biyu, da Emeka mai shagon kayan gyaran babur da ke tsallaken titi, wanda ruwan ya tare a hanya. Da yake babu abin yi, duk suka zuba wa bangon ido, kowa ya zama gwani. Wannan ya ce ya yi kyau, wancan ya ce na gidan wane ya fi shi. Sai Emeka ya karkata kai.

“Baba Ilu, wannan na hagu ya fi na dama ƙiba.”

“Kai Emeka, ƙarfe ka sani, ina ruwanka da laka? Je ka sayar da fulogi.”

Amma sai na ga ya sauko daga bencin, ya ja da baya har bakin ƙofa, feshin ruwa yana dukan bayansa, ya runtse ido ɗaya.

“Ɗan banza,” ya ce, “ya yi gaskiya.”

Ya tsoma hannu a ruwa ya shafe gefen gaba ɗaya, aikin da yake yi tun safe, ya soma sabo. Na matsa kusa da shi na rage murya.

“Yaya, ba ka jin kunya? A gaban jama'a?”

Shi bai rage tasa ba. Bai taɓa iyawa ba.

“Kunyar me, Hedimasta? Ni hancina a jikin bango yake, shi yana bakin ƙofa. Abin da yake gani ba na gani. Yau da ya faɗa, ruwa kawai na shafa. Da na rataya tabarma na rufe sai jibi, da diga zan sa.”

Da ina da wayo da na yi shiru a nan. Amma shaida na zo nema, sai na ba shi labarin Ummi, ina gyara shi yadda zai fito mini da kyau. Ya dakata, cokalin a hannu.

“Mako nawa ka ce?”

“Biyar.”

“Ka bar laka ta bushe a hannun yarinya mako biyar, ka zo nan in ce maka sannu?” Ya juya wajen mutanen. “Jama'a, ga ƙanena. Littattafan da ya karanta jaki biyu ba sa ɗauka.”

Aka kwashe da dariya, har da Emeka, wanda na koyar da 'ya'yansa biyu. Na tsaya da laima a hannu, an yi mini gyara a bainar jama'a ina da furfura. Na jira in ji ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Ruwa ya ɗauke, kowa ya kama gabansa, babu wanda ya ƙara waiwayata.

Ban iya ba da haƙuri ba, ba ya cikin darussan da aka koya mana a kwalejin horon malamai. Da na dawo gida sai na tsaya a bakin ƙofar ɗakin da take aiki.

“Ummi, tura musu.”

“Bai yi aiki ba, Baba.”

“Na sani. Tura.”

“Har da wuraren da suka karye?”

“Har da su. Ki rubuta cewa mako uku kina maƙale. Ki kuma rubuta cewa ubanki ne ya hana ki magana.”

“Wannan na ƙarshen ba zan rubuta ba.”

Ba ta kuwa rubuta ba, ba ta kuma taɓa faɗa wa ɗayanku ba. Shi ya sa nake rubuta shi yanzu.

Washegari kafin azahar gyare-gyare sun sauko kamar ruwan Agusta, sun ninka na farko. A cikinsu akwai na mutumin nan marar gaisuwa, wannan karon ma bai gaishe ta ba. Layi biyu ya rubuta. Ya ce abin da take ta fama ta gina, na gano mahaɗar layuka, yana nan cikin manhajar tun tuni, wani ya yi shi saboda wani aikin daban, ga inda yake, ta ɗauka ta yi amfani da shi. Ta gwada. Kafin la'asar dagi ya tsaya a fuskar kwamfutar, kowane layi ya hau inda ya kamata, ya sunkuya inda ya kamata. Uwarku ta yi guɗa. Ummi ba ta yi ko murmushi ba. Ta ɗauki jotar nan mai soke-soken mako uku, ta zo ta ajiye a kan teburina, ta gyara mata zama daidai da gefen teburin yadda na koya muku, ta fita. A duk rayuwata ba a taɓa yi mini faɗa mai tsafta irin wannan ba.

Ta wuce. Dakta ya rubuta haka, amma ya ƙara da cewa lokacin da ya rage bai fi na kammala rabin farko ba, rabi na biyu sai a ajiye shi. Ta roƙa, suka yi ta kai da komo, daga ƙarshe ya yarda ta sa zane uku a matsayin misali. Wata Asabar Yaya Ilu ya sa rigarsa ta Juma'a ya zagaya da ita. Gidajen da ya lissafa mata sun fi talatin, uku suka samu shiga, ɗaya daga ciki shi ne zauren nan na hanyar Kusugu. Ya ce mata kada ta damu, bango ba ya gudu, baɗi sa ƙarasa. Baɗi ta zo tana shekarar ƙarshe a jami'a, bayanta hidimar ƙasa a can kudu. Yaya ya rasu a rani na biyu, Allah Ya jiƙansa. Bango kuwa, gaskiya ne, bai gudu ba. Magada ne suka yaɓe shi da siminti, wasu suka manna tayil, wani damina ta kwantar da shi. Da Ummi ta samu sarari ta dawo da kyamara, yawancin gidajen sai dai in nuna mata inda zanen yake a da. Mako biyar ɗin da na cinye mata, su ne suka lashe lokacin da aka ware wa wannan zagayen tun farko.

Abin da ta gina yana nan cikin manhajar, mutanen da ba su san inda Daura take ba suna amfani da shi. Ita ma yanzu jagora ce, duk damina ana ba ta ɗalibinta, na kuma ji da kunnena abin da take fara gaya musu, ba sai na maimaita ba. In ta buɗe wurin misalan za ku ga zane uku, a ƙarƙashinsu an rubuta Ilu magini, Daura. Ran sallar bara 'yarta ƙarama ta nuna su da yatsa ta ce, “Umma, ina sauran?” Ummi ta ce lokaci ne bai kai ba. Ina zaune a wurin, na gyara zaman hulata.

To, ga inda sauran suke.

Wannan babin kai tsaye na rubuta shi a littafin nan, ban bi ta jota ba. Soke-soken da za ku gani nawa ne, kada wanda ya kwafe mini shi. Wanda ya ga inda na karkace ya faɗa mini tun ina nan, ruwa kawai zan shafa.